Ranar da Koci Tillery Ya Kara da Tamfol

"Ni fa ko katanga aka gitta mini, ta cikinta zan wuce!" Abin da Buford Tillery ke faɗa ke nan kullum a shagon aski. Ka dai san ƙwallonmu ta nan Texas, wadda ƙarti ke kifa hular kwano suna bangazar juna. To, Tillery a layin gaba na masu tsaro ya yi wasa, masu keta abokan hamayya su kayar da mai riƙe da ƙwallo. A bakinsa, ƙasusuwan da ya karya ba sa ƙirguwa. Mu da muka yi makaranta tare mun san bencin 'yan jiran canji ne ya fi kowa shan nauyinsa.

Da tumbi ya fito, sai aka ba shi horar da yaran sakandaren garinmu. Har kakar wasa ta kusa ƙarewa ba su ci ko sau ɗaya ba, kowa ya zo sai ya ratsa su kamar ƙofar kasuwa. Shugabar makaranta, Misis Pruitt, ta kira shi.

"Koci, in ban ga canji a wasan ranar Juma'a ba, ka nemi wani aikin."

"Ranki ya daɗe, zuciya ce yaran nan ba su da ita. Da jikina zan nuna musu."

A al'adarmu, kafin a take wasa 'yan mata kan riƙe wata ƙatuwar takarda mai sunan makaranta, 'yan wasa su fasa ta a guje su shigo fili. Gogan naka ya ce shi zai shige gaba. Da aka nuna masa takardar, sai ya yatsine fuska.

"Wannan ai ko atishawa na yi ta yage. A kawo tamfol!"

Aka kawo, an tsaga tsakiyarsa an liƙe sama-sama don ya buɗe da sauƙi. Sarkin cika baki ya ce so ake a ce ya yi coge. Ya kai wa matarsa Lurleen ta ɗinke.

"Buford, ka tuna da ciwon bayanka fa."

"Ke dai ɗinke, layi biyu!"

Baiwar Allah, da yake ba ta son aikin ha'inci, ta yi uku. Shi kuma don kada tamfol ɗin ya suɓuce wa 'yan matan, ya sa aka ɗaure shi tamau a turakun ƙarfe.

Ranar Juma'a gari ya cika fili, makaɗa na ta yi. Tillery ya juya ya daka wa yaransa tsawa.

"Ku biyo ni! Wanda ya tsaya, sai na ci ubansa!"

Ya sunkuyar da kai ya zabura. Tim! Tamfol ya lotsa, ya yi kamar zai ba da hanya, sai ya cillo shi baya. Yara kuwa an ce kada su tsaya. Suka yi sama da shi, suka maka shi da ƙasa, sannan suka bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi har tausayi ya ba ni, amma dariya ta hana ni tashi.

Yana kwance yana nishi, Misis Pruitt ta sunkuyo.

"Koci, aiki dai ya tafi. Amma gaskiya na ga canji. Tun da ka zo, yau ne na fara ganin yaranka sun kayar da mutum."