An Yi Min Walimar Ban Kwana, Litinin Na Koma Aiki

Ba zan taɓa mantawa ba da watan Yulin da na ce bari in nuna wa duniya ni 'yar gidan mutunci ce. Shekara shida na yi a shagon atamfar Hajiya Azumi a kasuwar Missèbo, ni ce amsa waya, ni ce tarbar baƙi, ni ce na san inda kowane turmi yake kwance. Sai Allah ya kawo min aikin sakatariya a wata lekol, wato makaranta, a Abomey-Calavi, in fara a Oktoba. Sharaɗi ɗaya darakta ya kafa min: in zo da atestasiyo, wato takardar shaidar aiki, da sa hannun Hajiya da hatiminta. In babu takardar, in zauna a gida.

Kowa ya sani wata ɗaya ake sanar da mai gida kafin a bar aiki. Ni kuwa uwar iyayi na ce uku zan bayar, don zuciyar Hajiya ta yi sanyi ta sa min hannu da daɗin rai. Inna ta ce, "Ke dai kama bakinki sai Satumba." Na ce, "Haba Inna, ku mutanen da ba ku san harkar ofis ba." (Allah ya yafe min wannan magana.)

Ranar Litinin na sami Hajiya na faɗa mata. Hajiya ta dafe ƙirji. "Wayyo 'yata, haka za ki tafi ki bar ni?"

"Sai Oktoba fa, Hajiya."

"Na ji. Amma Satumba bikin autata ne, ba ni da lokacin kaina. Asabar ɗin nan za mu yi miki walima."

Ku kuwa kun san Hajiya ba ta yin abu kaɗan. Aka kafa rumfa a ƙofar gidanta a Zongo, aka fitar da anko, aka kawo lasifika. Har mafici na roba aka buga da hotona a jiki, an rubuta "Allah ya kiyaye hanya", sai ka ce teku zan tsallaka, alhali Calavi ɗin nan ɗan babur ke kai mutum ya dawo kafin shayi ya huce. Mata suka yi ta ba ni kyauta. Kaina ya fasu, wallahi har wani yauƙi nake yi.

Da malam ya gama addu'a sai ya ce mai tafiya ta tashi ta nemi gafarar jama'a, kamar yadda aka saba. Mai hankali cewa take, "A yafe min," ta zauna. Ni da na riƙe abin magana, ga hawaye, ga mutane suna kallona, sai na ji kamar gobe ba za a sake ganina ba.

Na ce, "Hajiya, duk ranar da na ce miki cunkoson motoci ya riƙe ni, wallahi rabi barci ne."

Aka yi dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni.

"Kilishin nan naki da kika ce ɓera ne, ni ce. Kuma Hajiya, in kin fita, nakan kwaikwayi tafiyarki, maƙwabta su taru su kalla. Ki yafe min."

Rumfa ta kaure. Hajiya ta rungume ni ta ce ta yafe duniya da lahira. Inna kuwa tana can gefe ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai da gari ya waye Litinin na tuna cewa saura min mako goma sha ɗaya a shagon nan.

Na shiga na tarar da Maman Sadiya, ƙanwar mijin Hajiya, zaune daram a kujerata, an ce in koya mata aiki. Cikin kwana biyar ta iya komai, ni na koma ninke atamfar da masu saye suka warware. Duk wadda ta shigo sai ta ja baya ta ce, "La! Ba ki tafi ba?" wata ma tana fifita da fuskata tana tambaya. Wadda ta ba ni kular abinci kullum sai ta leƙo ta ce, "Kular dai tana riƙe zafi ko?" In na makara minti biyar Hajiya ta ce, "Cunkoso ne, ko irin wancan?" In kuma na yi maganar takarda sai ta ce, "Ina gaggawa, 'yata? Ai ke kika ce da sauran lokaci."

Haka aka sha biki aka gama, Satumba ta zo ƙarshe. Darakta ya kira ni sau biyu, na biyun muryarsa ba daɗi. Tsoro ya kama ni sosai, don kujerata ta nan ta riga ta tafi. Na je na buga takardar da kaina na kawo, na durƙusa gaban Hajiya. Shago cike yake ranar, ga Alhazai 'yan sari daga Kano, ga ƙawayenta uku sun zo yi mata ban gajiyar biki.

Ta karanta, ta buɗe biro, sai ta rufe.

"Duk Missèbo an ga tafiyar nan tawa, ni kaɗai ce ban gani ba. Tashi ki yi min."

"Hajiya, don Allah..."

"Ungo jakata. Ungo tabarau."

Na dubi ƙofa, na dubi takarda. Jama'a, na rataya jaka. Na sauko da tabarau kan hanci, na turo ciki gaba, na taho ina rangaji ina jan takalmi, na tsaya na nuna kantar kaya na ce da muryarta, "Wane mara tsoron Allah ne ya taɓa min turmin nan?"

Kowa ya juya yana kallon Hajiya. Na ce a raina shi ke nan, aiki biyu sun tafi rana ɗaya. Sai wani Alhaji ya tuntsire, ƙawayen suka bi, Maman Sadiya har da faɗowa daga kujerata. Hajiya ba ta ko murmusa ba.

"Kin manta tsakin," in ji ta. "Koma daga bakin ƙofa."

Sau uku na yi. A na ukun ne ta fashe da dariya har da hawaye, ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɓeran kilishi."

Yanzu shekarata biyu a Calavi. Abin da na koya shi ne, in zan bar wuri, kwana talatin cif zan faɗa, kuma duk wanda ya miƙo min abin magana, "a yafe min" zan ce in nemi kujera. Shi ma daraktan namu yana da wata irin tafiya tasa mai ban sha'awa, amma wallahi sai na kulle ƙofar ɗakina nake yi.