Faifan Inna a Silin

Hotunan ɗakunan Japan ne suka ruɗe ni a waya: haske mai laushi, kamar rana za ta faɗa kogin Gashuwa. Na rantse sai na kawo shi falona. Na cire farin ƙwan lantarki, na sa mai ruwan ɗorawa, na huda wani faifai na rataya ƙarƙashinsa. Haske ya riƙa tsiyayowa ta saƙar, ina zaune kamar a mafarki.

Sai ga Inna, surukata, daga Katuzu. Ta daɗe tana kallon sama.

"'Yata, ba faifan da na saƙa miki na aure ba ne? Wane tuwon kike rufewa a can?"

Har yau in Inna ta aiko da dambu a rufe da faifai, sai ta bugo waya: "A dawo mini da faifaina, ba huda."