Yadda Manhajar Waya Ta Jawo Mini Ruƙiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi neman kwanciyar hankali a waya, na ƙare da ruwan tofi har cikin hanci ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Dutse, kuma akwai wani kwas na ƙididdiga da ya shaƙe mini wuya tun aji biyu. Idan na sake faɗuwa, ƙawayena za su wuce bautar ƙasa su bar ni ina maimaita shekara.

A wani taron wayar da kan ɗalibai ne wata likita ta nuna mana manhajar rage damuwa. Na sauke ta a ɓoye, domin ni a ɗakinmu jaruma ce, ni ce mai yi wa masu kukan jarrabawa dariya (Allah Ya yafe mini).

Ranar jarrabawar da hantsi, tsoro ya rufe ni, ko karatu na kasa. Da na ga ɗaki ba kowa, na toshe kunnuwana da iyafis na sauraron waya, na zumbula hijabi a kai, na miƙe a tabarma. Muryar wata mata ta fara ba ni umarni da Turanci: in dunƙule hannu, in ƙanƙame jiki gaba ɗaya, in yamutse fuska, in riƙe numfashi, sannan in sake shi da ƙarfi. Ni kuwa ba na yin abu rabi-rabi. Na sandare kamar icce, ina huci.

Ashe Hajara 'yar ɗakinmu ta shigo. 'Yar Kiyawa ce, a gidan malamai ta tashi, tun tana ƙarama take ganin ana kawo wa babanta masu lalurar aljanu. Ta yi sallama, shiru. Ta kira sunana, shiru. Ba ta tsaya wata-wata ba, ta ruga ta kira Malama Sa'adatu, shugabar ɗalibai mata ta masallaci.

Ni dai ina can ina hango bakin teku a zuci kamar yadda muryar ta umarce ni, sai na ji ruwa mai sanyi a fuska. Na buɗe ido na ga ɗaki cike, wasu sun danne mini ƙafafu, wasu hannuwa, ana ta karatu.

"Ku sake ni! Ni ce fa, lafiyata ƙalau!"

"Haka suke cewa dukkansu," in ji Malama. "Ku riƙe ta gam. Kai, wane ne kai? Me baiwar Allah ta yi maka?"

"Malama, don Allah, jarrabawa gare ni bayan azahar!"

Hajara ta fashe da kuka. "Kun ji ko? Har ya san jarrabawarta. So yake ya hana ta."

Garin fizge-fizge igiyar iyafis ta fice daga wayar. Sai ga muryar matar nan ta fito daga cikin hijabina, a sanyaye, tana cewa a saki jiki a ja numfashi. Wata ta ƙwalla ihu, "Baturiya ce!" Kafin ka ce me, ɗaki ya watse, har da mai barin takalmi.

Malama ce kaɗai ta tsaya, tana haki. Na zaro wayar na miƙa mata, na yi bayani kaina a ƙasa, masu leƙe ta taga suna ji. Ta dube ni ta ce, "Wato tsoron jarrabawa kike ji, ƙanwata? To me ya hana ki faɗa?" Wallahi wannan tambayar ta fi ruwan sanyin shiga jikina. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Haka na shiga ɗakin jarrabawa da jiƙaƙƙen hijabi, ina tashin man habbatus sauda da suka shafe ni da shi, har na kusa da ni ya ja kujerarsa baya. Abin mamaki, ban ji ko ɗar ba. Kunya ta cinye tsoron gaba ɗaya. Na haye da ƙyar, amma dai na haye, kuma har gobe Hajara na cewa ruƙiyyarsu ce ta fitar da ni.

Darasin da na koya shi ne, in kana jin tsoro ka gaya wa na kusa da kai da bakinka. In ka bar su su gano da kansu, ba ka san da wane magani za su zo ba.