Kawu Jatau da Ƙuri'ar Masu Guga

Ke Zulai, ajiye jakar nan ki zauna, sati biyu kina Zariya kin yi asarar kallo! Kin dai san gidanmu, ni da Iya kakata da awakinta uku, sai Kawu Jatau ƙanen babana. Kawu ba ya faɗa, ba ya ƙarya, matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa a gabansa shi zai je ya aikata, ba ragi ba ƙari. Kin kuma san bulalar da nake sha a bakin makaranta kullum saboda makara wajen ɗebo ruwa a tsohuwar rijiyar bayan gari. To 'yan garinmu na birni sun ce za su haƙa mana burtsatse, mu zaɓi wuri: ko kusa da makaranta, ko wajen buga bulon Alhaji Tanimu, can gaba da tsohuwar rijiyar ma. Daga nan fa Alhaji da Malam Sidi malaminmu suka dasa gardama a teburin mai shayi, Kawu na gefe yana sha da kunne.

Wata rana Malam Sidi ya buga tebur ya ce, "Alhaji, gurguzu shi ne adalci! Babu nawa babu naka. A tara komai wuri ɗaya, a raba daidai." Ranar Juma'a ce. Ana sallame salla mutane suka fito, babu takalmin kowa a inda ya bar shi. Ga Kawu tsaye kan tulin takalma yana miƙa wa kowa biyu-biyu. Alhaji ya samu silifas na yara. Malam Sidi ya samu ƙafar hagu guda biyu, ɗaya ma na roba.

"Jatau, ina takalmina?"

"Malam, ai babu naka."

"Duka biyun hagu ne!"

"Biyu ne dai ko? Kowa ma biyu ya samu."

Haka Malam ya taka har gida yana karkacewa, wallahi da idona na gani.

Wata rana kuma Alhaji ya samu bakin magana. Ya ce, "Kun ga gurguzun naku? Jari-hujja ita ce hankali. Wanda ya riga kama abu ya killace, nasa ne. Mai so ya biya, in masu so sun yi yawa farashi ya hau." Washegari da sassafe Kawu ya kwance igiyar shanyar Iya, ya je ya zagaye inuwar darbejiyar da Alhaji ke zama, har da bencin. Alhaji ya iso da rana tsaka yana share gumi.

"Kauce, Jatau."

"Ƙosai ɗaya, Alhaji."

"Shekara ashirin ina zama a nan!"

"Ba ka killace ba."

Alhaji ya tsaya cikin rana yana masifa, mutane suka taru kallo. Da ya gaji ya ce a kawo ƙosan. Kawu ya dubi taron ya ce, "Yanzu uku ne, masu so sun ƙaru." Mai shayi sai da ya zauna ƙasa don dariya.

Wata rana aka zo kan wa zai jefa ƙuri'ar burtsatse. Alhaji ya ce magidanta masu gidan kansu kawai, su ne suka san ciwon gari. Malam Sidi ya miƙe ya ce, "A'a! Duk mai numfashi a garin nan yana da haƙƙi!" Mai'unguwa ya bi ta Alhaji. Kin san yadda ake yi a nan, ƙwarya biyu a ƙofar Mai'unguwa, kowa ya jefa ƙwayar masara a wadda yake so. Ƙwaryar wajen Alhaji ta kusa cika, don rabin magidantan nan a wajensa suke aiki. Ana shirin ƙirga sai ga Kawu da awakin Iya, ya jera su a layi.

"Jatau, mene ne haka?"

"Malam ya ce duk mai numfashi. Na duba, suna yi."

Kafin a ce kama, jar akuyar cikinsu ta zura kai cikin ƙwaryar Alhaji, sauran biyun suka hau ta makaranta. Tas! Ko ƙwaya ɗaya ba su bari ba.

Mai'unguwa ya dafe kai. Ya ce, "Na gaji da ku da tsare-tsarenku. Jatau, tunda ƙafarka ba ta zama, gobe da hantsi ka kira min waɗanda wahalar ruwan nan ta shafa. Su kaɗai! Ban da akuya." Shi a ransa magidantan nan dai yake nufi.

To washegari, wato shekaranjiya, Kawu bai shiga zauren kowa ba. Rijiya ya nufa. Duk wadda ya samu da guga ko jarka ko tulu, ya ce Mai'unguwa na kira. Muka taho zuga guda, mata da 'yan mata da masu garuwa, ga gyatumar Mai'unguwa a gaba da sandarta. Alhaji ya rugo yana gyara hula.

"Ni me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Alhaji, na tsaya a rijiya tun asuba. Ban gan ka ba."

Mai'unguwa ya buɗe baki zai gyara magana, gyatumarsa ta ce, "Kai ka aika ko ba kai ba?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To miƙo masarar."

Zulai, na jefa ƙuri'a! Ni, da hannun nan! Ƙwaryar makaranta har tana zuba, ta Alhaji ƙwaya ɗaya, ita ma matarsa ta ce kuskure ta yi ta sa hannu ta ɗauke.

Malam Sidi ya matso yana murmushi ya ce, "Jatau, wannan ai gurguzu ne." Alhaji ya ce ƙarya ne. Suka juya wajen Kawu ya raba gardama. Kawu ya sosa ƙeya ya ce shi bai san wannan ba, shi dai masu guga aka ce ya kira.

Yi shiru ki ji. Wannan rugugin bayan ajinmu? Motar haƙa ce. Taso mu leƙa kafin a kaɗa ƙararrawa!