Ranar da Na Kira Inna a Kasuwar Illela

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da madugu Agali ya zauna kan turmin da nake zaunar da masu ciwon haƙori ba.

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin Sakkwato ba, an kakkafa turaku tsakaninmu da Ƙwanni, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Ciwon haƙori dai bai san turke ba. Ni ne babban wanzami mai cire haƙori a kasuwar Illela, da rumfata da wanzamai ƙarƙashina, kuma sunan da muka yi ɗaya ne: a rumfata ba a kuka.

(Ana kuka mana. Ƙatti ma na yi. Dabarar ita ce Nomau makaɗi, wanda na ajiye a bakin rumfa. Da na ɗaga awartaki sai ya saki kalangu yana yi mini kirari, ba mai jin komai sai kiɗa.)

Agali kuwa Buzu ne, shugaban ayarin gishiri. Ya iso kumatu a kumbure, mutanensa na biye. Kowa ya san in ya tashi da daɗin rai, duk Buzayen hanyar nan nawa ne. In ya tashi da fushi, wanzaman Ƙwanni sun samu, ni kuwa sai in koma askin jarirai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sauke amawali in ga bakin."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando. Babban Buzu ba ya buɗe baki gaban jama'a, balle gaban bayinsa. Mai hankali da sai ya kai shi bayan zana. Ni kuwa, da na ga kasuwa ta taru, sai kaina ya kumbura. Na ce, "Bar shi yadda yake. Hannuna ya fi idon wasu gani." Na naɗe hannun riga, na yi wa Nomau ido, na zura yatsa ƙarƙashin amawali ina lalube.

Na kuwa samu haƙorin. Wallahi na same shi. Ina danna shi, bawan Allah ya datse baki da duk ƙarfin da yake tauna busasshen dabino.

A daidai nan ladan ya ɗaga murya ya fara kiran azahar. Nomau mutum ne mai tsoron Allah, nan take ya dafe kalangu. Kasuwa ta yi tsit. Abin da ya cike gurbin kiɗan shi ne muryata, ni mai furfura a gemu:

"Wayyo Inna!"

Na fizge hannu, na yi tsalle ina yarfe shi. Wanzamaina suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ce a raina shi ke nan, rumfa ta mutu. Ashe da saura. Inna tana nan da ranta, tana sayar da daddawa a layin baya. Sai ga ta tana ratsa mutane da sandarta.

"Wa ya taɓa mini Auta? Mi an ka yi mai?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Inna, don Allah koma." Ta kama yatsan tana hurawa, gaban Buzaye, gaban masu fura, gaban kowa. Ita ce ma ta fara gani: ga ruɓaɓɓen haƙorin nan a kafe cikin naman yatsana. Ashe dama yana girgiɗi, fizgar da na yi ta taho da shi.

Agali ya tofar da jini ta ƙarƙashin amawali, ya kurkure da ruwan kanwa, ya lalubi gurbin haƙorin da harshe. Sannan ya miƙe ya dubi mutanensa.

"Ban ji komi ba. Wanga mutum ɗauke ciwon ya yi, ya sa ma kainai."

Ban musa ba. Wa zai musa? Na ɗaure fuska, na gyaɗa kai irin na wanda aka tona wa asirin gado.

Kafin damina labari ya kai Tozai da Amarawa, ya tsallaka turakun Nasara. Buzaye suka riƙa ɗaure raƙuma a bakin rumfata, har sai da na ƙara rumfa ta biyu, wanzaman Ƙwanni biyu suka zo neman in koya musu. Daɗi kam na ji, ba zan ɓoye ba.

Sai dai abin ya zo da wutsiya. Wata tsohuwa daga Kalmalo, na cire mata haƙori lafiya lau, ta ƙi tashi daga turmi. Ta ce, "Ba ka kira Inna ba. Ciwon na nan ke nan." Haka na waiga hagu da dama, na buɗe baki na kira. Tun daga ranar kowa sai ya nemi in kira masa Inna.

Abin da na koya: kada ka sa yatsa inda idonka bai shiga ba, kuma ka dubi rana kafin ka dogara da makaɗi. Inna kam ta daina tasowa. In ta ji ni, sai ta ce wa masu sayen daddawa, "Ku ƙyale shi, Auta na wurin aiki."