Ranar Da Na Gaida Jakin Malam Habu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zaunar da ni in faɗa wa wani uba magana mai nauyi a kan 'yarsa, na ɓige da tambayar lafiyar jakinsa.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar koyon aikin jinya, a nan Damagaram. Ni irin ɗaliban bencin baya ne, waɗanda in malami ya kira sunansu sai sun waiga ko da wani ake. An kawo mana sabon darasi: yadda ake zama da iyayen yaron da ciwonsa ya fi ƙarfin magani, a gaya musu gaskiya, a nuna musu ko ba warkewa akwai sauran aiki, wato a rage masa zafi, a bar shi cikin danginsa. Malamarmu, Madam Zuwaira, ta ce matakin farko shi ne ka gaisa da kyau har mutum ya saki jiki. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa (daga nan bala'in ya samo asali).

A aji da juna muke gwaji. Wata 'yar ajinmu Hadiza ce ke zama uwa, kuma kafin ka gama sallama ta zube tana birgima, ɗankwali gabas takalmi yamma. Ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba, ba kuma wanda ya lura, don ba ta bar kowa ya wuce ba.

Da muka fita sitaj, wato gwajin aiki a asibiti, a ɗakin yara akwai wata Nana daga wani ƙauye bayan Tirmini. Ciwon daji ya gama da jikinta, likitoci sun ce sai dai a sauƙaƙa mata. Mahaifinta Malam Habu kuwa ya ƙudura washegari zai sa ta a mota zuwa Yamai, tafiyar da ba lalle ta ga ƙarshenta ba. Madam ta ce ni zan buɗe maganar, in na maƙale in dube ta, ita za ta karɓa. Ta manta ni ba na duban fuskar mutane.

Muka zauna a tabarma gindin dogon yaro, shi da matarsa da mu. Na yi ina kwana, na yi ban gajiya, na ce ya mai jiki. Ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. To, jama'a, ta ina za ka gaya wa wanda ya ce da sauƙi cewa babu sauƙin? Sai na koma inda na fi ƙarfi. Ya gida, ya damina, gero ya yi kai? Gyaɗa fa? Na tambayi rijiyar garinsu, na tambayi limaminsu, na gaida maigari da iyalinsa (ko hanyar garin ban sani ba). Na sake zagayowa kan mai jiki, aka sake ce mini da sauƙi. Madam ta yi tari don in ɗago, ni kuwa idona na kan tabarma na ce mata sannu, Allah ya sawwaƙe.

Daga nan mutane suka ƙare mini. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, ya jaki?"

Malam Habu ya dube ni, ya shafa gemu, ya ce, "Jaki lafiya lau. Yana gaishe ka."

Matarsa ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Dariya take, har ta juye mata zuwa kuka. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na yi mata godiya.

"Ɗana," in ji Malam Habu, "mai labarin alheri ba ya kaiwa kan jaki. Faɗi abin da aka aiko ka."

Na faɗa. Na ce Yamai ma ba su da abin da zai warkar da Nana, hanyar kuma za ta wahalar da ita. Malam Habu ya tambayi abu ɗaya: za ta ji zafi? A nan Madam ta karɓa, ta nuna musu maganin da yadda za su ba ta a gida, da wanda za su nema in dare ya yi tsanani. Washegari motar Tirmini suka shiga.

Bayan kaka Malam Habu ya dawo da ƙunshin gyaɗa. Ya ce Nana ta ga an shigo da gero, ta rasu a cinyar uwarta, ƙannenta na kusa. Yana shirin tafiya ya ce wa Madam, a gaban 'yan ajinmu kaf, ta gaya wa yaron nan jaki har yanzu lafiya lau.

Sunan da ya bi ni har aka raba mu wuraren aiki, ba sai na faɗa ba. Har yau ina gaisuwa da kyau, don Madam ta yi gaskiya. Amma da na ji harshena ya doshi garke, na san tsoro ne ke gaisuwar, sai in ɗago kai in faɗi abin da ya kawo ni.