Rasuwar Kwamfutar da Ta Kai Magini Aji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunya, wani magini da ya ajiye aiki ke sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi a kan teburin ɗakinsa. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Shi ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Marigayiya ta shigo gidan shekara biyu da suka wuce, bayan rasuwar maiɗakinsa, a lokacin da ciwon gwiwa ya raba shi da tsani. Autarsa, malamar lissafi a wani gari mai nisa, ita ta kawo ta. Ta ce, "Baba, akwai fili a cikinta wanda ba shi da iyaka. Tunda ƙafa ta ƙi, ka yi ta gininka a zaune." Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi abin wasa. Kwana tara tana rufe a jaka. A na goma shirun gidan ya ishe shi, ya buɗe.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta jure yatsun da siminti ya cinye. Ba ta taɓa cewa yashi ya ƙare ba, ba ta taɓa guduwa daga aiki don hadari ya haɗo ba. Aibinta ɗaya: a duniyar da ke cikinta bulo yana tsayawa a iska ba komai a ƙarƙashinsa. Magini ya ɗauki wannan a matsayin raini. Duk ɗakin da zai tayar sai ya haƙa fandisho, in ya zuba linta kuma sai ya bar ta mako guda ta huta. Auta ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta tambaye shi ko zai yarda ajinta ya riƙa kallo.

Tun daga nan, duk Laraba ƙarfe goma, majigi ke haska gininsa a bangon ajinta, yara arba'in da biyu na jin muryarsa. Yakan ja bango, ya tsaya, ya ce su faɗa masa bulo nawa zai ci. Yaran da ke ɓuya a bayan littafi in an zo ninkawa suka koma rigima a kan amsa. Wanda ya yi kuskure, bangonsa ya fito da giɓi, kowa ya gani, ba sai an taɓa shi da bulala ba. Malam Kaka suke ce masa. Mutumin da ya bar makaranta a aji uku.

Ciwon ajalinta zafi ne. Wata guda tana huci, fuuu, fuuu, kamar lebura a ƙarƙashin kwanon kankare. Auta ta sha gaya masa ya bari a ajiye kwafin ginin a intanet, ya ce shi ba ya barin gininsa a filin da bai ga takardarsa ba. Ran Litinin ya taɓa marigayiya ya ji zafi rau. Shekara talatin ya san abu ɗaya: sabon siminti in ya ɗau zafi, jiƙaƙƙen buhu ake rufa masa. Bai tambayi kowa ba. Ta ce tsss, sau ɗaya. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya dubi magini, ya mayar da murfin.

Ta rasu ta bar caja, da mawus mai targaɗe a maɓallin dama, da tabarau da aka saya dominta. Ta tafi da makaranta mai aji shida da ta kai linta, wadda kowane yaro ya ɗora bulonsa a ciki da hannunsa daga kwamfutar malamarsu.

Larabar da ta biyo baya ce shugaban makaranta ya sa don ya zo ya gani, ya yanke ko darasin zai ci gaba. Auta ta tsaya da shi a gaban farin bango. An mayar da darasin kan allo da alli. Ba ta yi faɗa ba. "Ba komai, Baba," ta ce masa a waya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Yanzu in ta kira, sai ta tambayi gwiwa, ya ce da sauƙi, su yi sallama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Za a naɗe ta a jakarta, a kwantar da ita a akwatin kayan aiki kusa da cokalin gini da igiyar awo, a tura ƙarƙashin gado. Ba a bukatar masu ɗauka, ba ta da nauyi. Mai son yin ta'aziyya ya zo ko wace rana, ko wane lokaci, zai same shi a gida. Babu inda ake jiransa.